Elektaron huɗu a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso: nazarin wata farauta daga ajin fizik a Maradi

A watan Afirilu, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40 har gumi ya jiƙa alli a hannu, na ba ƴan ajin tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, darasin da suka fi kuka da shi, wato lissafin karo tsakanin ƙaramin abu da babba. Don su farka daga gyangyaɗi sai na zo da ƙwarar gujiya da goruba da kankana. Na jefi goruba da gujiyar, ta ɗan gusa. Na jefi kankana, ko gezau. Wata ɗaliba mai zama layin gaba, irin wadda magana ba ta wuce ta, ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, wa ke cin abinci da wannan lissafin a duniya?" (Haka ake kiran malamin lakkwal a nan Nijar, ƴan'uwanmu na Katsina su yi haƙuri da dariya.) Na ce mata akwai masana da suka kwashe shekaru a kansa a ƙarƙashin wani dutse a Italiya. Ta ce sai ta ga hujja. Nan take maganar ta zama espoze, wato jawabin bincike a gaban aji, wanda ita da abokanta uku za su gabatar, muka yi mako uku muna tonon lamari guda: shawarar da masu gwajin DarkSide-50, na'urar da ke farautar wani nauyi da ba a gani a sararin samaniya, suka yanke a 2018.

Asalin maganar a taƙaice. A 1933 Fritz Zwicky ya lura galaksin da ke garken Coma suna gudun da nauyin da ake gani ba zai iya riƙe su ba. A shekarun 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka auna juyawar Andromeda da wasu galaksi, suka tarar taurarin gefe ba sa rage gudu yadda lissafi ya ce su rage. Ke nan akwai wani nauyi da ba ya ba da haske, ba ya kuma tare shi. Awon tauraron ɗan'adam Planck ya sa shi kusan kashi 27 cikin 100 na abin da sararin samaniya ya ƙunsa, alhali duk abin da muka sani, tun daga rana har tiyar hatsi, kashi 5 ne kawai. Littattafanmu na Faransanci suna ce masa matière noire. Amma ai baƙi ana ganinsa, gindin tukunya ma baƙi ne. Wannan ba a ganinsa sam, shi ya sa a aji muka raɗa masa ɓoyayyen abu.

Zaton da ya fi daɗewa shi ne ƙwayoyi ne masu nauyi, waɗanda ake kira WIMP, kowace ta kai nauyin furoton goma-goma ko ɗari-ɗari. Nauyin furoton ɗaya kusan GeV 1 ne, a riƙe wannan ma'aunin. An gina manyan na'urori don waɗannan masu nauyi, shekaru suka shuɗe ba a kama ko ɗaya ba. Sai hankali ya fara komawa kan marasa nauyi, daga GeV 1 zuwa 10, ko ƙasa da haka.

A nan gujiya da kankana suka shigo. Ƙwallon atom ɗin argon, wato cibiyarsa, nauyinsa kusan GeV 37 ne. Na zenon, wanda manyan na'urorin XENON da LZ da PandaX ke aiki da shi, kusan GeV 122. Na sa ɗaliban suka ɗauki ƙwaya mai nauyin GeV 2, suka yi lissafin karon gaba da gaba da dokar da ke cikin littafinsu. Argon na karɓar kusan kashi 19 cikin 100 na ƙarfin ƙwayar, zenon kashi 6. Argon ne goruba, zenon kankana. Sai dai ko gorubar ba wani motsin kirki take yi ba. Da gudun da rana ke yi a cikin galaksinmu, kimanin kilomita 230 a daƙiƙa, bugun kusan kashi ɗaya cikin goma na keV ne kawai (keV ƙaramin ma'aunin ƙarfi ne, kashi ɗaya cikin miliyan na GeV). Ko ƙwayar da ta fi kowace gudu, wadda ke gab da kuɓucewa daga galaksin, ƙarfin da za ta bari bai kai keV ɗaya da rabi ba. Wani yaro a ƙungiyar ya ƙara nasa lissafin: in dai ɓoyayyen abin irin wannan ƙwayar ne, to da yawan da masana ke ƙiyastawa a unguwarmu ta galaksi, GeV 0.3 a kowane santimita kubik, sama da miliyan 3 ke ratsa farcen babban yatsa a kowace daƙiƙa. Ya daɗe yana kallon farcensa.

Tulun argon da makaminsa

Ɗakin binciken Gran Sasso yana gefen ramin babbar hanyar mota mai tsawon kilomita 10 tsakanin L'Aquila da Teramo, da dutse mai kaurin mita 1,400 a bisansa. Dutsen na rage ƙwayoyin muwon da ke zubowa daga sama har sau miliyan. A can ciki aka kafa DarkSide-50: tankin ruwa mai tan 1,000, a cikinsa ƙwallon ƙarfe mai faɗin mita 4 cike da tan 30 na wani ruwa mai walƙiya idan nutaron ya ratsa shi, a tsakiyar wannan kuma tulun argon. Yankin da ke aiki a tulun kilo 46 ne da ɗoriya, bai kai buhun siminti ba. Argon dai ba baƙo ba ne: kusan kashi 1 cikin 100 na iskar da muke shaƙa shi ne, masu walda na aiki da shi, tsofaffin ƙwan fitila masu zare ma shi ke cikinsu. Sai an sanyaya shi zuwa digiri 186 ƙasa da sifili yake zama ruwa.

Idan wani abu ya bugi atom a cikin ruwan, abu biyu ke faruwa. Da farko walƙiya nan take, ita ce S1. Haskenta na tsawon nanomita 128 ne, ido ba ya gani, don haka aka shafe bangon tulun da wani sinadari, TPB, mai mayar da shi shuɗi, idanun na'ura 38 su kama, 19 a sama 19 a ƙasa. Na biyu, bugun na fizge wasu elektaron daga atom. Ƙarfin lantarki na bolt 200 a kowane santimita yana kora su sama, su fito daga ruwan su shiga wani ɗan siririn falle na iskar argon mai kaurin santimita ɗaya, a can su haddasa walƙiya ta biyu, S2. Tazarar lokaci tsakanin walƙiyoyin biyu ita ke faɗin zurfin inda aka yi karon.

Abin alfaharin masu argon kuwa yana cikin S1. Walƙiyar argon iri biyu ce, mai saurin mutuwa cikin nanodaƙiƙa 6 ko 7, da mai jan rai har kusan mikrodaƙiƙa ɗaya da rabi. Idan ƙwallon atom aka buga, yadda WIMP zai yi, mai saurin ce ke rinjaye. Idan elektaron aka buga, yadda burbushin tiririn yuraniyom da dangoginsa ke yi, mai jan ran ce ke rinjaye. Bambancin a fili yake kamar na tsakuwa da hatsi a faifan macen da ta iya bakace. Da wannan makamin DarkSide-50 ta yi kwana 532 tana jiran masu nauyi, ta kammala ba tare da ko tsakuwa ɗaya ta tsallake cikin yankin da ake dubawa ba. Ba ta ga WIMP ba, amma ta nuna faifan yana aiki.

Matsalar ita ce bakacen na buƙatar haske mai yawa, bugun keV gomomi. Bugun keV ɗaya ba ya ba da S1 da za a iya gani ma, balle a tantance kamanninsa. Na'urar da aka gina don kankana ta makance a gaban gujiya.

Shawarar 2018

Sai masu gwajin suka ajiye S1 gaba ɗaya, suka dogara da S2 kaɗai. Dalilinsu mai sauƙi ne: elektaron guda idan ya kai fallen iskar nan, yana haifar da hasken da idanun na'urar ke ƙirgawa kusan 23. Wato ana iya ƙidayar elektaron ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake ƙidayar dala. Bugun da bai kai keV ɗaya ba ma yana sakin ƴan elektaron kaɗan.

Abin da suka biya kuwa ba kaɗan ba ne. Babu S1, babu bakace, tsakuwa da hatsi sun zama iri ɗaya. Babu S1, babu sanin zurfi, ba za a iya zubar da abin da ya faru kusa da sama ko ƙasan tulu ba, inda datti ya fi yawa. Abin da ya rage shi ne sanin ko karon ya faru a tsakiya ko a gefe, sai suka riƙe abin da ya faru a ƙarƙashin idanu bakwai na tsakiya kawai, argon ɗin da ake amfani da shi ya koma kusan kilo 20. Duk tsakuwar da ta shigo yanzu dole a san asalinta da adadinta ta hanyar lissafi, a ga ko akwai rarar da ba a san uwarta ba.

A ganina abin da ya sa wannan kasada ta yiwu an shuka shi ne shekaru kafin a yi tunaninta. Argon na iska yana ɗauke da wani irinsa mai tiriri, argon-39, wanda ƙwayoyin sararin sama ke ƙirƙira, rabin ransa kuma, wato lokacin da rabin atom ɗinsa ke ɗauka kafin su fashe, shekara 269. A kowane kilo, kusan atom ɗaya ke fashewa a kowace daƙiƙa. Ɗalibata ta buga lissafin: kilo 46 na nufin fashewa kusan miliyan 4 a yini. Da bakace ana iya jure wannan, ba tare da shi ba aikin ya mutu tun a ciki. Amma tun 2015 tulun ba argon na iska ke cikinsa ba. An tatso shi ne daga rijiyoyin iskar kabon dayoksaid da ke kusa da Cortez a jihar Kolorado ta Amurka, inda ya daɗe binne ƙwayoyin sama ba su kai gare shi ba, aka tace shi a Fermilab kusa da Cikago, aka kai shi Italiya. An sha shekaru kafin a tara kilo 150 da ƴan kai. Argon-39 da ke cikinsa ya ragu sau 1,400. Fashewa 46 a daƙiƙa ta koma kusan ɗaya a cikin daƙiƙa 30.

Akwai kuma wata sa'a da ta zo a rigar matsala. A hanyar jigila, a bisa ƙasa, ƙwayoyin sama sun ƙirƙiri ɗan argon-37 a cikin kayan. Shi wannan idan ya fashe yana sakin ƙarfi sananne, keV 2.82 ko keV 0.27, rabin ransa kuma kwana 35 kacal. Ya zama musu kamar duwatsun awo da ake gwada sikeli da su, daidai a ƙaramin ma'aunin da suke buƙata, a ko'ina cikin tulun, sannan cikin ƴan watanni ya mutu ya bar musu wuri. Shi dai ya gwada bugun elektaron ne. Don bugun ƙwallon atom sai da suka saka maɓuɓɓugan nutaron na amerisiyom da beriliyom, da na amerisiyom da kabon, suka haɗa da awon da gwaje-gwajen SCENE da ARIS suka yi a wasu wurare.

Inda gardama ta tashi

Da suka jera abin da suka ƙirga, daga elektaron bakwai zuwa sama komai ya dace da lissafin datti: ragowar argon-39, da kiripton-85 da aka tarar a cikin argon ɗin, da tiririn ƙarfen tulu da na idanun na'urar kansu. Ƙasa da elektaron huɗu kuwa sai ga tsauni, abubuwa birjik masu elektaron ɗaya, biyu, uku. Nan ne kuma daidai inda ƙwaya mafi rashin nauyi za ta ɓuya. Suka ja layi a huɗu, suka ce abin da ke ƙasa ba za a sa shi cikin binciken ba. Elektaron huɗu ya yi daidai da bugun kusan keV 0.6.

Ɗalibata ta ajiye biro ta ce: "Mushe, da mu ne a labo muka goge lambobin da suka ɓata mana lissafi, da sifili za ka ba mu."

Gaskiyarta, kuma ban so in kashe tambayar da girman malanta ba. Na ce: "Ɗiyata, duba dalilin da suka bayar, sai ki yanke hukunci." Dalilin biyu ne. Waɗannan ƙananan abubuwa ba sa zuwa a warwatse, suna bin sawun manyan fashewa ne, jim kaɗan bayan babba ya wuce sai su biyo baya, kamar yayyafin da ke ɗiga daga indararo bayan ruwa ya ɗauke. Na biyu ya fi ƙarfi. An taɓa cire matatar da ke tsarkake argon ɗin don gyara, na ƴan kwanaki, sai yawansu ya yi tsalle. Fassarar da ta fi dacewa ita ce wasu ƙazanta ƙalilan a cikin ruwan suna cafke elektaron masu wucewa, su riƙe su na ɗan lokaci, su sake su daga baya. Ɓoyayyen abu da ya taso daga can cikin galaksi bai san an cire matata a Italiya ba, ba shi kuma da dalilin bin bayan wata fashewa.

Ta yarda da wannan, amma ba ta sake ni ba. Ta nuna tsakanin huɗu da bakwai, inda a rahoton 2018 aka sami ƴar rara bisa abin da lissafin datti ya yi hasashe. A nan na fi girmama masu gwajin. Ba su ce sun gano ɓoyayyen abu ba, ba su kuma share rarar ba. Sun buga ta a fili, suka ce asalinta sai an ƙara bincike. Haka ma kan wani abin da awo bai riga ya yanke ba, wato yadda adadin elektaron ke sauyawa daga bugu zuwa bugu a wannan ƙaramin ƙarfi, sun zana layi biyu, ɗaya da sauyin ɗaya babu shi, mai karatu ya ga bambancin da idonsa. Da kilo-kwana 6,786 na jira (nauyin argon sau kwanakin jira), ƙaramar na'urar nan ta kafa iyaka mafi tsauri a duniya a lokacin kan damar karon ɓoyayyen abu da atom, ga ƙwayoyi masu nauyi tsakanin GeV 1.8 da 6.

Ni dai abin da na ce wa ƙungiyar shi ne wannan hanya ta fi iya cewa "babu shi a nan" bisa cewa "ga shi". Da rarar gaske za ta bayyana, da wuya a shawo kan kowa da S2 kaɗai. Kuma layin huɗun nan asara ce ta gaske, ko da dalilinta mai kyau ne.

Daga baya masu gwajin sun koma kan tsohon bayanin nasu, wanda aka tara daga Disamban 2015 zuwa Fabrairun 2018. A 2021 suka fitar da sabon awon yadda argon ke sakin elektaron, har ƙasa zuwa bugun kusan rabin keV. Suka gyara lissafin fashewar argon-39 da kiripton-85 a ƙananan ƙarfi, suka ƙara matakan tsince. A sakamakon da aka buga a 2023, kwana 653, kilo-kwana sama da 12,000, lissafin datti ya dace da abin da aka ƙirga har zuwa elektaron huɗu. Rarar ta narke. Iyakar ta ƙara tsauri kusan sau goma a GeV 3, ta kuma sauko zuwa GeV 1.2. Da suka sa tasirin Migdal a lissafi, wanda masanin Tarayyar Sobiyet Arkady Migdal ya yi hasashe tun wajen 1940, cewa ƙwallon atom idan aka girgiza shi kwatsam yakan yar da elektaron ɗinsa, sun kai har MeV 40, kusan kashi 4 cikin 100 na nauyin furoton. Wannan ɓangaren lissafi ne aka dogara da shi, domin a lokacin ba a auna tasirin kai tsaye a ruwan argon ba.

Kada a ɗauka argon ne kaɗai a fagen. Masu zenon ma sun yi dabarar S2 kaɗai, XENON1T ta buga nata a 2019, kuma a can Gran Sasso ɗin gwajin CRESST na amfani da lu'ulu'u masu tsananin sanyi don ƙwayoyin da suka fi haka rashin nauyi. Kowa da dajin da ya fi iya farauta.

Magajiyar na'urar, DarkSide-20k, ana gina ta a Gran Sasso, da kusan tan 50 na argon ɗin ƙarƙashin ƙasa a tulunta. Masana'antar Urania a Kolorado za ta tatso shi, a tace shi a Aria, wani bututu mai tsayin mita 350 da ake kafawa a cikin ramin tsohuwar mahaƙar gawayi ta Seruci a tsibirin Sardiniya. An sauya tsofaffin idanun da na silikon, waɗanda ba su kai su tiriri ba. Akwai kuma shawarar wata na'ura ta kusan tan ɗaya, DarkSide-LowMass, wadda tun daga zanenta marasa nauyi aka nufa. A gabansu duka akwai abin da masanan ke kira hazon nutirino, sunan da ɗan Maradi ba ya buƙatar a fassara masa idan ya tuna Janairu. Nutirino, wasu ƙwayoyi masu tsananin rashin nauyi da rana ke zubowa, suna bugun ƙwallon atom daidai yadda ƙwaya mara nauyi za ta yi, babu dutsen da ke tare su, kuma a 2024 PandaX-4T da XENONnT sun ba da rahoton alamunsu na farko.

Ranar espozen an ɗauke wuta, ba a haska hoto ko ɗaya ba, sai allo da alli. Ɗalibar ta zana tulun, ta ja layin elektaron huɗu da jan alli, ta faɗi ƙorafinta a kansa kamar yadda ta faɗa mini, ta kawo amsar matatar, ta ce ita har yanzu tana son ganin abin da ke ƙasan layin. Da ta zo kan iyakar 2023 a GeV 3, wato 6 × 10⁻⁴³ na santimita murabba'i, faɗin da damar karon ƙwayar da furoton ko nutaron ba za ta wuce ba, sai ta ƙi rubuta shi a dunƙule. Ta sa sifili da waƙafi a ƙarshen allo na hagu, ta dinga jera sifili har ta kusa kai ɗaya ƙarshen, sannan ta ɗora 6. Ya kamata su zama 42. Wani yaro daga layin baya, wanda duk shekara ban ji muryarsa ba, ya ƙirga da yatsa ya ce 41 ne. Ta ƙirga, ta harare shi, ta matsa shidan ta ƙara ɗaya.